Cuku a Madadin Nama

A gidanmu ba a yin sulhu da baki. In mutum biyu suka saɓa, Baba ba ya tara dattawa, ba ya kuma yi wa kowa wa'azi. Zai ƙyale ku ku yi ta kumbure-kumburenku, sai rana ɗaya ka ji ya sa an kama zakara ko ɗan akuya, gwargwadon girman faɗan. A dafa, a tula burabusko a tire ɗaya, a kwarara miya, a jera naman a tsakiya. Shi ya zauna, ya zaunar da masu faɗan ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sai ya yagi tsoka da hannunsa ya ba ƙaramin, ƙaramin ya miƙa wa babban. In babban ya amsa ya kai baki, magana ta mutu, ba mai sake tono ta. Haka ubansa yake yi a ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, kusa da Geskeru, shi ma haka ya tashi yana yi. Ina yaro na ga an yi wa baffannina biyu a kan iyakar gonar tattasai, mutanen da har sun ɗauko wa juna sanda, suka tashi daga tiren nan suna zuba wa juna ruwan wanke hannu.

Ni da ƙanena kuwa shekara bakwai muka yi ba a yanka mana ko ɗan tsako ba, saboda ba ya ƙasar.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni yake kira Babba, shi kuma Auta. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Diffa, in an yi hutu in koma gona. Auta shi ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ban taɓa musu ba. Shekarar da aka tashe mu daga ƙauye saboda tashin hankali, muka baro rumbuna da injin ban-ruwa da tattasai shanye a ƙasa, muka zo muka kafa bukkar zana da leda a gefen kwalta cikin sauran jama'a, shi yana Yamai yana jiran takardun tafiya Indiya karatu. A bukkar nan Inna ta kwanta ciwo. Na kira shi na ce tana ta tambayarsa, ya taho. Ya ce in ya taho jirgi zai tashi ya bar shi, gurbin karatun kuma ba ya jira, in yi mata bayani. Na yi mata bayani. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ta juya fuskarta wajen zana. Bai yi sati biyu da sauka can ba muka binne ta, a wata sabuwar maƙabarta da ba mu da kowa a cikinta. Ta'aziyyarsa ta waya ta zo, yana kuka, layin yana yankewa. Na miƙa wa Baba wayar na fita waje. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, ita ma a taƙaice.

Ya gama karatun, ya samu aiki a Haidarabad, ya yi zamansa. Mu kuma muka samu ɗan gida a cikin Diffa. Da abubuwa suka ɗan lafa na koma noman wani yanki na gonar, in tafi da safe in dawo kafin la'asar. Ana cikin haka zuciyar Baba ta fara ba shi wahala. Daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Likitocin Yamai suka ce aiki za a yi masa, kuma gara a yi shi waje. Auta ya shirya komai daga can, likita da masauki da takardu, ni nawa in riƙo hannun tsoho in kai shi. Duk unguwa sai sa wa Auta albarka ake yi. Ina cewa amin a baki, a raina kuwa ina cewa da ma abin da ya iya ke nan, ya aiko takarda.

Da Auta ya tarye mu a filin jirgin Haidarabad na ga ya yi ƙiba, ya aske gemu, in yana magana da mutanen garin yana kaɗa kai gefe da gefe sai ka ce a can aka yanke masa cibiya. Ya durƙusa ya gaida Baba, suka rungume juna. Ya miƙo mini hannu biyu, na ba shi bakin yatsuna.

Kwana huɗu aka yi ana gwaje-gwaje. Rana ta biyar likitan ya ce gobe da safe za a shiga da Baba ɗakin aiki. Ya ce yau ya je ya ci abincin rana a waje ya sha iska, da yamma a kwantar da shi, daga nan ba ci ba sha sai bayan aiki. Muna fitowa Baba ya tsaya a baranda, ya dafa ƙarfe, ya kalli Auta.

"Ka tahi da mu inda za mu ci abinci mu uku," in ji shi. "Abincin kirki, ba na cikin leda ba."

Ban ɗaga kai ba, amma na gane. Tun da muka zo loma uku yake yi ya ture kwano, ba yunwa ce ta kama shi yau ba. Tsohon da za a tsaga wa ƙirji gobe so yake ya shiga ɗakin aikin nan ya bar ƴaƴansa biyu suna magana da juna. Kuma in faɗi gaskiya, tun a cikin jirgi na san wannan rana za ta zo, na kuma gama shawara da zuciyata. In Auta ya miƙo mini tsoka zan amsa. Amma sai na bar hannun Auta ya ɗan daɗe a miƙe, ya ji nauyinsa, ya sunkuyar da kai ya tuna bukkar nan. Iyakar abin da nake nema ke nan a kan shekara bakwai, kuma ban ga na yi tsada ba.

Haidarabad gari ne na nama. Ina so a san wannan, don kada wani ya ce ai babu ne. Kullum a hanyar asibiti ina ganin masallatai, ina ganin mahauta sun rataye cinyoyin awaki, ina jin ƙamshin shinkafarsu mai nama yana tashi daga manyan tukwane a bakin titi. Duk wannan Auta ya wuce da mu a cikin keke mai ƙafa uku, ya sa aka sauke mu a gindin wani dogon bene mai ƙofar gilashi. A jikin ƙofar an manna wani ɗan koren ɗigo. Na ɗauka ado ne. Daga baya na ji alama ce ta cewa ba abin yanka a gidan.

Ciki sanyi ƙalau, ana kaɗa wata siririyar sarewa ta lasifika, mutane cike, maza da mata da yara duk a cakuɗe. Na tsaya ina jiran a nuna mana wurin zama a kawo abinci kamar yadda ake yi wa mutane. Sai Auta ya ɗauko wasu farantan ƙarfe uku masu ɗaki-ɗaki, ya ba kowa ɗaya, ya nuna mana wani dogon teburi da aka jera tukwane masu murfi, ana hura musu ƴar wuta ta ƙasa. Ya ce kowa shi zai ɗebi abin da yake so, iya cikinsa, in ya cinye ya koma ya ƙaro. Yana faɗa yana murmushi kamar ya kawo mu Makka. A gaban teburin kuma layi ne.

Nan raina ya fara ɓaci. Ni na san layi. Watanni na yi a gefen kwaltar nan ina bin layin rabon abinci, da kati a hannu da buhu a kafaɗa, rana tana dukana, wani da riga mai tambari yana kiran lamba. Baba bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya. Mutumin da ƴan ƙwadago suke ci a gonarsa lokacin tsinkar tattasai ya ce shi ba zai tsaya da kwano a bayan wani ba, ni ɗansa in je. Na je, ban taɓa yi masa gori ba. Yau ga shi a tsaye, da babbar rigarsa da hularsa, rungume da farantin ƙarfe a ƙirjin da za a tsaga gobe, a bayan wani ƙato mai gajeren wando.

Auta dai ya ce masa ya zauna a kawo masa. Baba ne ya ƙi, ya ce zai gani da idonsa. Na san abin da yake so ya gani.

Muka fara bin tukwanen. Ta farko shinkafa fara. Ta biyu shinkafa rawaya da ɗan wake kore. Ta uku wata miya ruwa-ruwa ta wake, irin wadda in matarka ta yi maka za ka tambaye ta ko lafiya. Sai dankali da wani farin fure mai kama da kabeji. Sai kuɓewa da aka soya ta bushe ƙamas, ba yauƙi ba komai, an ci mutuncinta. Sai ganye an niƙe shi kore shar, da wasu fararen gutsattsari masu kusurwa huɗu suna iyo a ciki. A nan na ga Baba ya tsaya, ya sa ludayi ya juyo ɗaya, ya duba, ya tambayi Auta ko kaza ce. Auta ya ce a'a, cuku ne na madara, mai laushi kamar awara. Baba ya zuba kaɗan ya wuce. Kowace tukunya sai ya leƙa har gindinta, ya motsa da ludayi, sannan ya ɗaga kai ya nufi ta gaba. Mutanen bayanmu har sun fara gyaran murya. Muka wuce gurasa iri uku, da nono, da wani jan abu a ƙananan kwanoni, da wasu ƙwallaye suna jiƙe a ruwan sukari. Teburi ya ƙare, sai bango.

Na juya na tambayi Auta a ina ake ajiye naman.

"Ba su yin nama a nan, Yaya," in ji shi. "Ko ƙwai ba su sawa. Amma ka ci ka ji, duk garin nan ba kamarsu."

Da ba a cikin mutane muke ba, ban san abin da zan yi da farantin hannuna ba. Baba ya tsaya yana kallon bangon nan na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ina ne wurin zamanmu.

Teburi ne na mutum huɗu, kowa da kujerarsa, kowa da farantinsa a gabansa, kowane abinci a ɗakinsa kamar masu gaba. Auta ya shiga yi mana karatu. Wannan sunansa kaza, daga kudu ya zo, wancan daga arewa, wannan ana haɗa shi da wancan, wancan kuma a ƙarshe ake ci. Na yi kunnen uwar shegu da shi na fara ci, don haushi ba ya hana ni yunwa. Miyar waken salam. Dankalin an cika masa kayan ƙamshi har bai san kansa ba. Jan abin nan ashe ɗanyen mangwaro ne da aka jiƙa a barkono da mai, na kai baki sai da idona ya kawo ruwa. Ni ɗan masu tattasai ne, na san ja mai ƙamshi, wanda in aka daka shi a Diffa maƙwabci zai san an daka. Nasu zafi ne tsagwaronsa. Gurasar ce kawai, wadda ake fito da ita daga tanderu da zafinta ana shafa mata man shanu, ta yi daɗi, kuma daɗin nata ma haushi ya ƙara mini. Abu ɗaya na yaba musu, da hannu suke ci, kuma da dama. Wata tsohuwa a teburin kusa tana cakuɗa shinkafa da nono tana kai loma da gwaninta, ba ta zubar da ko ƙwara ɗaya ba.

Baba bai taɓa nasa ba. Ya ce zai je ya wanke hannu, ya hana a raka shi, ya tafi a hankali yana dafa kujerun mutane. Yana ba da baya na ajiye gurasar hannuna.

Na ce wa Auta ya san sarai abin da tsoho yake nufi da mu uku, ya kuma san abin da ake bukata, shi ne ya tsallake mahautan garin nan kaf ya kawo mu gidan ganye don kada ya miƙa mini hannu. Na ce da ma halinsa ne, kullum in an zo wurin da zai tsaya sai ya samu jirgin da zai hau. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ya ce likita ne ya ce a guji nama da kitse kafin aiki, gidan kuma yana kusa da asibiti, ga tsabta. Sai ya tsaya, na ga fuskarsa ta canza, ya kalli kujerar Baba, ya kalli farantan nan uku.

"Wallahi, Yaya, ban tuna ba," in ji shi a hankali. "Sai yanzu da ka hwaɗi."

Na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da gangan ya yi, da na san yana tsorona, yana jin nauyin abin da ya aikata. Ashe mantawa ya yi. Ni shekara bakwai ina kwana ina tashi da abin nan, ina tsara yadda zan bar hannunsa a miƙe, shi kuwa ya zauna cikin masu cin ganye har ya manta yadda ake neman gafara a gidan ubansa. Ya ce mu tashi yanzu, akwai wani wuri can cikin tsohon gari. Na ce ya duba agogo, ya kuma dubi tsohon da ke tahowa yana haki, ya gaya mini wa zai sake ɗora shi a keke ya ratsa cunkoson garin nan da shi.

Baba ya dawo ya zauna, ya huta har numfashinsa ya daidaita. Ya kalle ni, ya kalli Auta. Ban san abin da ya karanta a fuskokinmu ba. Sai ya tura farantinsa tsakiyar teburi, ya jawo na Auta ya kife shi a kai, ya sa hannu ya kwashe abin da ya maƙale. Ya jawo nawa ya yi masa haka. Shinkafa da nono da miyar wake da ruwan sukari da mangwaron nan mai zafi duk suka haɗe suka zama tudu ɗaya, miya tana bin gefe tana ɗiga a kan farin ƙyallen teburin. Tsohuwar teburin kusa ta tsaya da loma a hannu. Wani ma'aikacin gidan mai gashin baki ya taho da sauri yana magana, Auta ya ce masa wani abu da yarensu, ya ja da baya amma bai tafi ba.

Baba ya ce in matso dama. Na matsa. Auta da ma yana hagu. Ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bisimilla, ya sa yatsu cikin tudun nan yana lalube, yana ture dankali, yana ture kuɓewa, har ya samo guda ɗaya na cukun nan. Ya ɗago shi, koren ganye yana bin yatsunsa. Ya ɗora a hannun Auta. Auta ya riƙe da dama, ya tallafe da hagu, ya miƙo mini.

"Amshi, Yaya."

Na kalli abin. Fari, mai laushi, yana rawa tsakanin yatsunsa, ba ƙashi ba jijiya, ba a zubar da jinin komai ba kafin a samo shi. Baffannina a kan iyakar gona, taku biyu na ƙasa, aka kayar musu da ɗan akuya. Ni uwata ce ta mutu tana kallon zana tana jiran yaron nan, shi ne za a sallame ni da guntun madara a gidan da ake bin layi da faranti. Na ji kamar ita aka raina.

"Baba, wannan ba nama ba ne."

"Na sani," in ji shi. Da Barbarci ya faɗa, yaren da yake komawa in magana ta kai masa har zuci. "Abin da garin ya ba mu ke nan. Amshi."

"In mun koma gida a yanka rago, in amsa."

"In mun koma," in ji Baba.

Na harɗe hannuwana a ƙirji. Auta bai janye nasa ba. Kansa yana sunkuye, miyar tana gangarowa daga yatsunsa zuwa wuyan hannu, ta shiga hannun farar rigarsa. Ya daɗe a haka, ya fi yadda na tsara a jirgi nesa ba kusa ba. Duk abin da na ce ina nema ga shi an ba ni, har da ƙari, a gaban baƙin mutane. Na san in na buɗe tafin hannuna shi ke nan. Na kuma san agogo yana tafiya, daga wannan teburin sai gadon asibiti. Ina sane da duk wannan, ban buɗe ba. Da na riga na ce ba nama ba ne, sai na ga ba ni da hanyar komawa, kuma zuciyata ba ta so in samu.

Baba ne ya kawo ƙarshen abin. Ya cire cukun daga yatsun Auta, ya ajiye shi a gefen faranti, ya goge hannunsa da ƙyalle yatsa bayan yatsa. Aka kawo ƴan kwanoni da ruwan ɗumi da yankan lemun tsami a ciki, ya tsoma hannu ya wanke kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba. Mai gashin bakin ya zo ya ɗauke tudun abincin nan gaba ɗaya, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. A bakin ƙofa akwai wani kwano na ƴaƴan ƙamshi da ake tauna bayan cin abinci, wani ya miƙo mana yana murmushi, na ture hannunsa na wuce.

Haka Baba ya shiga ɗakin aiki washegari, cikinsa ba komai tun shayin safiyar jiya. Da za a tura gadonsa ya yi mana addu'a mu duka biyu, addu'a ɗaya, bai kalli kowa ba. Muka zauna a dogon benci ni da Auta, da wurin zaman mutum ɗaya a tsakaninmu. Sa'o'in nan ban taɓa jin tsoro irinsu ba, ko ranar da muka baro ƙauye. Ina jan carbi ina jin haushin Auta, ina jin haushin gidan abincin nan da koren ɗigonsa da sarewarsa, ina jin haushin duk wanda ya fara tunanin a tara tukwane ashirin a rasa ƙashi ɗaya a ciki. Kowa na samu na ɗora wa laifi a bencin nan. Wajen azahar likitan ya fito ya ce an gama lafiya. Auta ya fashe da kuka, ni na tafi na yi alwala.

Bayan sati shida muka dawo. Auta ya ɗauki hutu ya rako mu har Diffa, zuwansa na farko tun tafiyarsa. Ya roƙe ni in nuna masa kabarin Inna, na kai shi, na tsaya daga nesa har ya gama. Ina da rago da nake kiwo don layya, fari mai baƙin wuya, wanda yarana suka saba da shi. Ran Alhamis na sa aka kayar da shi, na ce sadakar samun lafiyar Baba ce. Aka raba wa maƙwabta, na ware cinya da haƙarƙari. Uwargidana ta yi burabusko da miyar da ta sha tattasan gonarmu, ja wur, ƙamshi har waje. Ni da kaina na ɗauki tiren na kai ɗakin Baba, na shimfiɗa tabarma, na aika a kira Auta. Ban jira an ce mini ba na zauna a dama. Auta ya shigo, ya ga tiren, ya gan ni, ya zauna a hagu. Wannan karon ya tuna.

Baba ya sauko daga gado a hankali, yana dafe da ƙirji. Ya yi bisimilla. Ya kai hannu tsakiyar tire ya yagi tsoka mai kyau daga cinyar. Na gyara zama, na goge tafin hannuna a gwiwa. Na riga na yanke cewa ba zan bar hannun Auta ya daɗe ba ko na ƙiftawar ido. Baba ya dubi tsokar, ya kai ta bakinsa, ya tauna a hankali. Ya ɗebi burabusko ya bi ta da shi.

Na jira. Ya sake yagar wata ƴar ƙarama, ita ma ya ci. Auta ya kalle ni ta gefen ido. Na sa yatsa na tura haƙarƙarin gabansa.

"Baba, ga nama."

"Na gani, Babba. Ya yi daɗi. Ku ci."

Muka ci, kowa daga gefensa. Naman ya dahu lugub, ni kuwa ƴan lomomi kaɗan na yi. Da Baba ya ƙoshi na ɗauko buta da kwano na durƙusa ina zuba masa ruwa. Auta ya fita ya ba mu wuri. Na yi ƙasa da murya na ce ai na yi alkawari a can, in an yanka rago zan amsa, ga shi an yanka.

Bai ɗago ba, yana cuɗa yatsunsa a ƙarƙashin ruwan.

"Rannan da na roƙe ka, ban san zan ga gobe ba," in ji shi. "Kai ma ba ka sani ba."

Ya yarfe hannunsa, ya ce in ɗauke tiren in kai wa yara, akwai sauran nama da yawa.